Tambaya da Amsa: Hutu a Ƙaramin Garin Bakin Teku

Tambaya: Ni da maigidana muna shirin yin hutun mako guda tare da yaranmu biyu a wani ƙaramin garin masunta da ke bakin teku, inda babu manyan otal kuma baƙi ba su cika zuwa ba. A cikinmu shi kaɗai ya iya iyo. Me ya kamata mu tanada, kuma ko za mu iya barin yaran su shiga ruwa?
Daga wata mai karatu

Amsa: Malama, zaɓinku ya yi kyau, domin irin wannan gari yana da natsuwar da ba a samu a wuraren da suka yi suna. Sai dai rashin jama'ar da ya ja hankalinku shi ne kuma ya sa ba za ku tarar da mai gadin ruwa ko tutar gargaɗi a gaɓar ba, saboda haka zan fara da tambayarki ta biyu, wadda ta fi nauyi.

Babban haɗarin gaɓar yashi shi ne wani kwararo na ruwa mai komawa cikin teku. Igiyoyi suna tara ruwa a bakin gaɓa, shi kuma ruwan sai ya nemi wata ɓaraka a tudun yashin da ke ƙarƙashinsa ya koma ta nan da gudu, wani lokaci fiye da mita 2 a daƙiƙa guda, gudun da ko gwanin iyo ba ya iya tsere masa. Abin da ke yaudarar baƙo shi ne wurin ya fi ko'ina kama da kwanciyar hankali: ruwansa ya ɗan fi duhu, igiya ba ta fashewa a kansa, kuma idan aka zuba ido za a ga kumfa da ciyayi suna tafiya ciki maimakon su dawo gaɓa. Ki gaya wa maigidanki cewa wannan ruwa ba ya danna mutum ƙasa, janye shi kawai yake yi. Idan ya kama shi, kada ya yi kokawar dawowa kai tsaye, domin gajiya ce ke nutsar da mutane. Ya bar jikinsa ya yi yawo a saman ruwa, sannan ya yi iyo gefe, a layin gaɓa, tun da kwararon yawanci siriri ne. Ke da yaran kuwa, ruwa kada ya wuce gwiwa, kuma yaro ya kasance inda hannunki zai kai gare shi.

Sai batun cika da janyewar teku. A yawancin gaɓoɓi teku kan cika sau biyu a rana, da tazarar awa 12 da minti 25, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Cikar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen daren sha huɗu. Yashin da kuka bi da safe don zagaya wani dutse yana iya zama ruwa tsundum kafin ku juyo. A nan babu malamin da ya kai masuntan garin, waɗanda ke tura kwalekwalensu cikin wannan ruwa kullum. Ku gaishe su tun ranar farko, ku tambaye su inda 'ya'yansu ke wanka da inda suke hana su zuwa.

Tanadin tafiya bai da wuya. Ku riƙe tsabar kuɗi, domin na'urar cire kuɗi tana iya kasancewa a wani gari mai nisa, ku ɗauki magungunan da kuka saba sha, da tocila, da gidan sauro idan yankin na zazzaɓin cizon sauro ne. Kafin ku biya kuɗin masauki, ku tambayi awa nawa ake samun wuta da kuma inda asibiti mafi kusa yake. Yara su zauna a inuwa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, domin iskar teku tana ɓoye zafin rana har sai fata ta ƙone.

Idan kun yi sa'a gaɓar tana cikin waɗanda kunkurun teku ke fitowa da dare don binne ƙwai, ku kashe tocilar nan. Ƙwayayen kan yi kusan wata biyu a cikin yashi, kuma 'ya'yan da suka ƙyanƙyashe hasken da ke saman ruwa suke bi zuwa teku, don haka fitila ɗaya ta isa ta juya su zuwa tudu.