Abin da ya sa muke huda gindin tukunyar fulawa

Ɗana, jiya muna tsaye a bakin ramin gashi ka tambaye ni: ya aka yi shekara biyu ina yi maka faɗa a kan randa mai yoyo, sai ga shi da hannuna na miƙa maka kara na ce ka huda gindin tukunya? Wuta na ci a lokacin, shi ya sa na ce ka bari. To, saurara.

Randa aikinta riƙon ruwa. Ita kuwa tukunyar fulawa, wadda ake shuka furanni a ciki, ruwa baƙo ne a wurinta, ya shigo su gaisa ya wuce. Saiwa tana shan iska kamar yadda take shan ruwa, iskar kuwa a ƴan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa take zama. In ruwa ya kwanta ya toshe su, saiwa ta shaƙe, ta ruɓe. Ganye ya yi rawaya ya langaɓe, mai shuka ya ɗauka ƙishi ne, ya ƙara antaya ruwa. A ganina shukar da yawan ruwa ya kashe ta fi wadda ƙishi ya kashe. Kuma kai ka san Agustan Zariya, a kwana uku ana tafka ruwa. Tukunya marar huda a tsakar gida ta zama kududdufi, sauro ma ya samu gidan haya.

Hudar tana da lokacinta. Yumɓu ɗanye sharaf zai lotsa, busasshe kuma zai tsage. Jira ya sha iska ya yi taurin fatar jima, sannan ka huda daga ciki zuwa waje, kada tudun da karan zai tura ya tsaya a ciki ya tare ruwa. Faɗin babban yatsa ya isa matsakaiciya, babba kuwa ka yi mata uku. Mai saye ka ba shi tsingaro guda mai lanƙwasa ya kifa a kan hudar. Guda ɗaya, ba tarin tsakuwa ba, don tsakuwar wurin saiwa kawai take cinyewa.

Baki kuma ya fi gindi faɗi. Ina saurayi wata Hajiya a GRA ta sa na gina mata masu wuya irin na tulu, wai sun fi kyau. Na gina. Bayan shekara biyu saiwa ta cika ciki, shuka ta ƙi fita, da guduma aka fasa tukwane shida a gabana. Har yau ban daina jin ƙarar ba.

Sai jikin tukunyar. Ka san zufar da randa ke yi, wadda ke sanyaya ruwa a zafin Afrilu. Gashinmu na kara da busasshen kashin shanu ba ya narkar da yumɓu ya liƙe, yana barin ƙofofin da ido ba ya gani. Ta nan danshi ke fita, saiwa ta samu sanyi. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Bature Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja, a 1954. Can aka riƙa shafa wa tukwanenta ruwan sheƙi ana gasawa a wuta mai tsanani. Sun yi kyau har duniya ta san su, jami'armu ta Ahmadu Bello ma ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Amma irin waɗannan ba sa zufa, na kallo ne. Don haka mai son fenti ka gaya masa gaskiya: in ya lulluɓe ta da fentin mai, ya toshe mata hanci.

Zufar nan tana da kuɗinta. Da hunturu ƙasar ciki kan bushe da wuri, sai an yawaita ban ruwa. Farin da ke fitowa a jiki kuma gishirin ruwa da na taki ne, a goge kawai. Tukunyar roba ba nauyi, ga araha, tana riƙe danshi, ban raina ta a inuwa ba. Amma ajiye baƙa a rana ka taɓa ta da azahar, sannan ka duba yadda take ɓarewa kamar ƙwai bayan ƴan shekaru. Ta siminti sai ƙofar gida, inda ba za a motsa ta ba.

Kada ka ɗauka shuka a tukunya sabon abu ne don ba a kan shi muka taso ba. Shekara wajen 3,500 ke nan sarauniyar Masar Hatshepsut ta aika ƙasar Punt aka ɗauko mata itatuwan turare da saiwarsu a cikin kwanduna, zanen na nan a bangon ginin da ta bari. Masu rainon dashe a leda a bakin titin Samaru dabarar ke nan suke yi. Sunan da Turawa ke kiran irin tukunyarmu, terakota, da Italiyanci gasasshiyar ƙasa kawai yake nufi, abin da mutanen Nok a kudancin jiharmu suka yi gumaka da shi fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Waɗanda muka kwashe jiya, kafin a kai wa mai su ka jiƙa su a ruwa su kwana, in ba haka ba sabuwar tukunya za ta tsotse ruwan shukar farko. Ka ƙwanƙwasa kowace da yatsa. Wadda ta yi ƙara tar ka ware, wadda ta amsa a dushe ka kawo mini in duba.