"Diolch" ba ta kai fam 1,500 ba

Wata 'yar uwa mai aikin kula da tsofaffi a Gwynedd, arewacin Wales, ta rubuto hankali a tashe. Yawancin tsofaffin gidan da harshen Welsh suke yi mata magana, ita kuwa kalma ɗaya ta iya, "diolch", wato na gode. Wani ejan da kawunta ya haɗa ta da shi ya ce ba za a sabunta mata biza ba sai da takardar shaidar Welsh, kuɗinta fam 1,500. Kawu kuma kullum sai ya bugo: ki biya, kada ki kunyata mu.

Ƙanwata, ko sisi kada ki ba shi. Biza a hannun Home Office take, wato ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya, ba a hannun gwamnatin Wales da ke Kadif ba, kuma Turanci suke nema, wanda kin riga kin tsallake kafin ki shigo. Na ga irin ejan ɗin nan ba sau ɗaya ba: yau takardar yare, gobe kuɗin "gyara fayil", jibi lambarsa a kashe. Ki nemi ya ba ki lambar rajistarsa ta IAA, hukumar da ke ba masu shawarar shige da fice izini, ki ji yadda murya za ta canza.

Harshen kuwa ki koya, amma don tsofaffinki. A ƙidayar 2021 wajen kashi 64 cikin 100 na mutanen Gwynedd suna jin Welsh, kuma tsohuwar da ciwon mantuwa ya kama takan koma yaren da ta sha a nono. Ki tambayi manajanku darussan Dysgu Cymraeg, wato shirin koyar da Welsh. Wannan "ch" ta ƙarshen diolch, wadda ke ba Turawan Ingila wahala, ke kin iya ta tun makarantar allo: harafin خ ne, kamar a "khairan". Ki ƙara da "diolch yn fawr", na gode ƙwarai, da "bore da", barka da safiya, idan kin shiga ɗakinsu da safe.

Sai batun kawu. Girmansa yana nan, amma ba shi ke tsayuwar awa 12 yana ɗaga tsoho daga gado ba. Ban ce yana da kaso a ciki ba. Na dai lura wanda ya kawo ejan ba ya son a ce ejan ɗinsa ɓarawo ne. Ki gaishe shi da ladabi, ki ce masa: "Kawu, na bincika, ba a neman takardar nan." Idan ya nace, ki sa mahaifiyarki ta yi masa magana.