Kwana a fadar sarki a Santambul, ya cancanci kuɗinsa?

Alhaji barka da warhaka. Ka ce za ka tashi daga Yamai sarin kaya Santambul, kana so ka tafi da Hajiya ku kwana a Çırağan Palace, kana tambaya ko ya cancanci kuɗin.

Wurin fada ce ta gaske, Sarki Abdul'aziz na daular Usmaniyya ya gina ta a bakin ruwan Bosforus, gobara ta cinye ta a 1910, daga baya aka gyara, yanzu otel ce, kamfanin otel-otel na Kempinski ke tafiyar da ita. To ga inda mutane ke faɗawa: ɗakuna 11 ne kawai cikin ainihin fadar, sauran duk a sabon gini suke gefenta, ka ga hoton marmara da fitilun alfarma a intanet ka biya, ka iso a kai ka sabon ginin. Shi ma yana da kyau wallahi, amma in fadar kake so sai an rubuta maka a takardar rezerbasiyo, kuma kuɗinta ba na wasa ba ne. Ka tambaya tagar ruwa take kallo ko titi, da ko karin kumallo na ciki.

Ni dai shawarata ku yi dare ɗaya, sauran ka sauka unguwar Laleli kusa da kasuwa, don daga Beshiktash, unguwar da fadar take, cunkoson mota zai cinye maka yini. Ka tabbata katin bankinka na aiki a waje, masu otel sukan riƙe kuɗin ajiya. Maganar biza kuma ofishin jakadancin Turkiyya ko ajans mai lasisi, ka rabu da dillalan biza na WhatsApp.