Robar da aka ce tana da azurfa: tana shiga cikin nono, kuma ana iya ganewa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar yogot da fura da nono a Mabera, nan Sakkwato. Wata ƙawata ta kawo mini robobi masu murfi daga waje, an rubuta "Nano Silver" a jikinsu. Ta ce akwai azurfa a cikin robar da ke kashe ƙwayoyin cuta, nono ba ya saurin lalacewa ko an ɗauke wuta. Ɗana da ke jami'a kuma ya ce azurfar na iya fita ta shiga nonon. Gaskiya ne? In ta shiga, yaya zan gane? Yara ne suka fi sayen kayana.

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa sana'a albarka. Maganar ɗanki tana kan hanya. Azurfar tana fita, kuma nono mai tsami ya fi sabuwar madara janyo ta. Sai dai abin da ke fita kaɗan ne ƙwarai, ba ido ko harshe ke gane shi ba.

Abin da ake sawa a irin wannan roba burbushin azurfa ne, girman kowanne tsakanin nanomita 1 zuwa 100. Nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita; kaurin silin gashi guda ya kai kimanin nanomita 80,000. Ana cuɗa burbushin da robar tun tana narke a masana'anta. Idan danshi da iska suka taɓa shi, sai samansa ya riƙa narkewa sannu a hankali yana sakin narkakkiyar azurfa, kuma ita ce ke yin mafi yawan aikin kashe ƙwayar cuta. To ki lura da nan: robar ba za ta yi abin da ake tallarta da shi ba sai azurfa ta fito daga jikinta. Duk ɗan kasuwar da ya ce miki robarsa tana kashe ƙwayoyin cuta a cikin abinci amma ba ta sakin komai, ɗaya daga cikin maganganunsa biyu ba ta tsaya ba.

Inda masu bincike suka daɗe suna ja-in-ja shi ne ko burbushin da kansa yana fita, ko narkakkiyar kawai. A 2013, Yolanda Echegoyen da Cristina Nerín na Jami'ar Zaragoza a Sifen sun gwada robobin abinci masu azurfa da ake sayarwa a kasuwa. Sun samu azurfa ta fita, ta fi yawa a ruwa mai tsami, ta kuma ƙaru da aka ɗumama robar a na'urar maikurowef. A shekarar dai, wani binciken a birnin Zurik na Suwizalan ya nuna mafi yawan abin da ke fita narkakkiya ce, kuma yawanta yana raguwa sosai bayan an yi amfani da robar 'yan lokuta na farko. Masana na cibiyar Fraunhofer a Jamus suka zo a 2014 suka ce burbushin da ke binne can cikin roba ba ya iya ratsowa waje. Ni ina ganin maganganun ba su ci karo ba. Kamar tsakuwa ce a daɓen siminti: ta ciki tana nan daram, wadda ke sama ce ke ɓantarewa in daɓen ya tsage ko aka yi ta kankare shi. Shi ya sa robar da aka dirje da soson ƙarfe, ko ludayi ya karce mata ciki, ta fi sabuwa sakin burbushi.

Abu biyu ne suka sa tambayarki ta fi ta mai ajiye shinkafa ko busasshen kifi nauyi. Na farko tsami. Sabuwar madara tana wajen 6.7 a ma'aunin tsami, yogot da kindirmo kuwa suna sauka zuwa 4.5 ko ƙasa (raguwar lambar na nufin ƙaruwar tsami), kuma tsami yana narkar da azurfa. Na biyu zafi. Turawa in za su gwada mazubin abinci sukan ajiye shi kwana 10 a zafin digiri 40, a wurinsu wannan tsanantawa ce. Mu nan Sakkwato, a watan Afrilu da Mayu, digiri 40 zafin inuwa ne. Ki ƙara da cewa yogot ana haɗa shi ne da ɗumi, wajen digiri 42 zuwa 45, a rufe shi sa'o'i yana tsami. In a cikin robar nan kike haɗawa, kin tara mata zafi da tsami da lokaci gaba ɗaya. Akwai ma wani binciken masana na hukumar abinci da magunguna ta Amurka a 2021 da ya nuna narkakkiyar azurfa tana iya sake dunƙulewa ta koma burbushi a cikin abin sha mai sukari.

Batun ganewa kuwa, a gida babu hanya. Launin nonon ba ya canzawa, ƙamshi da ɗanɗano suna nan yadda suke. Ko a ɗakin gwaji, madara tana daga cikin abubuwan da ke ba mu wahala, domin ita kanta cike take da ƙananan dunƙule-dunƙulen furotin da girmansu ya yi kusa da na burbushin da ake nema, ga kitse, ga gishiri. Azurfa kuma da ta shiga sai ta manne wa furotin ko ta haɗu da gishirin ta sauya kama.

Hanya mafi sauƙi ita ce a auna jimillar azurfa. A ɗebi nono kaɗan, a dafa shi da asid mai ƙarfi har komai ya narke ya zama ruwa garai, sannan a sa a na'ura. Na'urar AAS da ake samu a jami'o'inmu da dama tana wannan aikin, amma in azurfar ta yi ƙanƙanta ƙwarai takan wuce ta ba ta gani ba. Wata na'urar mai suna ICP-MS ta fi ta ido nesa ba kusa ba. Matsalar wannan hanya, asid ya riga ya narkar da burbushin, ba za a san a wace siffa azurfar take ba.

Mai son ƙirga burbushin sai ya bi a hankali. Maimakon asid, ana sa wani sinadari mai narkar da furotin kaɗai, ya bar azurfar yadda take. Sai a tsinka samfurin da ruwa sosai, yadda burbushin zai riƙa shiga na'urar ɗaya bayan ɗaya. A cikin ICP-MS akwai wata wuta mai zafin dubban digiri. Duk burbushin da ya faɗa cikinta sai ya tarwatse, a ga layi ya yi tsalle a fuskar kwamfuta ya dawo. Yawan tsallen shi ne yawan burbushin, tsayinsa shi ne girmansa, narkakkiyar azurfa kuma tana bayyana a matsayin shimfiɗaɗɗen layi a ƙasa. Burbushin da bai kai nanomita 20 ba yakan ɓuya a cikin wannan layin, don haka ake haɗawa da madubin ƙara girma mai aiki da lantarki a gan shi ƙiri-ƙiri. Aiki ne mai tsada, ba na mai sayar da yogot a unguwa ba.

Illa fa? Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar iyaka: kada azurfar da ke fita daga mazubi ta wuce miligiram 0.05 a kilo ɗaya na abinci, kuma dokar Tarayyar ta 2011 ta hana sa kowane irin burbushin nano a robar abinci sai an tantance shi an ba shi izini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ana iya jure miligiram 0.1 a litar ruwan sha. Sananniyar illar tara azurfa a jiki ita ce fata ta rine ta yi toka-toka mai shuɗi, ba ta komawa, amma an fi ganin haka ga masu shan ruwan azurfa a matsayin magani tsawon lokaci. Abin da gwaje-gwajen nan suka auna daga robobi ya yi ƙasa da haka sosai. Kada ki tayar da hankalinki kan abin da yara suka riga suka sha.

Duk da haka ban ba ki shawarar ci gaba da zuba nono a ciki ba. Rubutun jikin roba ba shaida ba ce ta yawan azurfar da aka sa ko ingancin haɗin. A 2014 hukumar kare muhalli ta Amurka ta dakatar da sayar da wasu irin waɗannan robobi saboda ba a yi musu rajista ba. Sannan amfanin da kike nema ba lalle ki same shi ba, tunda furotin da gishirin madara suna kama azurfar kafin ta kai ga ƙwayar cuta. Wani kamfanin madara a Burazil ya sanar a 2015 cewa kwalbarsa mai azurfa ta ƙara kwanakin madara daga 7 zuwa 15, amma madara ce da aka dafa aka kuma ajiye a firji. Babu robar da za ta tsare miki yogot a zafin Mabera in wuta ta kwana biyu ba ta zo ba.

Ki mayar da robobin wurin busassun kaya, gero ko garin fura ko sukari, inda babu danshin da zai narkar da azurfar. Yogot ki haɗa shi a tukunyar ƙarfe marar tsatsa, ki tafasa madarar da Fulani suka kawo miki kafin komai, domin tarin fuka na shanu da bakkale ta ɗanyar madara suke kama mutane, sun kuma fi azurfa kusa da yaran nan. Bokitin fenti da jarkar da aka taɓa zuba mai ko maganin feshi kada su kusanci nono. In an ɗauke wuta, ki sa yogot ɗin a cikin kula da ƙanƙara. Ranar da za ki ofishin NAFDAC na Sakkwato kan rajistar kayanki, ki tafi da roba ɗaya da kwalinta ki nuna musu.