Majigi, Baje Koli da Bikin Magaji: Amsoshin Tambayoyinku Kan Kalmomin Fim

Assalamu alaikum jama'a. Wannan makon tambayoyin da suka taru kusan duk a kan fim suke, ina ganin saboda sabbin finafinan da ake ta tallar za a saki ne.

Wani ɗalibi daga Zariya yace kakansa har yau in yaga ana kallo a waya sai yace "kuna kallon majigi", shin majigi Hausa ce? Ɗana, aro ce amma ta daɗe har ta zama 'yar gida. Daga Turanci take, wata fitila ce da ake kira majik lantan mai jefa hoto a bango, bakin Bahaushe ya lanƙwasa ta ta koma majigi. Zamanin Turawa mota ce ke zuwa gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan magariba, a tada janareto, a nuna yadda ake tsafta da noman gyaɗa da auduga, ga mai fassara a tsaye yana ta bayani da Hausa, kuma kyauta ne ba a biyan ko anini. Silima kuwa gidan biya ce, irinsu Rex da aka buɗe a Kano a 1937, can ake nuna na Amurka daga baya na Indiya suka mamaye. To kaga tun asali majigi daban silima daban. Akwai ma wani tsohon suna da nake ƙauna sosai, dodon bango, ka duba yadda mutanen da suka fara ganin mutum yana tafiya a jikin bango suka faɗi abin da ransu ya ji a kalma biyu kacal. Kuma daga nan muka samu "haska fim", don da gaske haske ake jefawa, shiyasa ni nafi so a ce za a haska sabon fim ranar Juma'a maimakon za a nuna.

Wata baiwar Allah daga Damagaram ta tambaya wanne yafi daidai, bikin finafinai ko baje kolin finafinai, don taji gidajen rediyo suna faɗin duka biyun in ana maganar taron finafinai na garin Kan (Cannes) a Faransa. Hajiya, duka sun halatta amma ni ina bayan baje koli kuma zan faɗa miki dalili. Koli shine ƙananan kayan da ɗan koli ke yawo dasu, allura, zare, madubi, kwalli, tsakiya, ranar kasuwa ya shimfiɗa buhu ya jera su ɗaya bayan ɗaya yadda mai wucewa zai gani ya taya. Wannan jerawar ita ce bajewa. To abinda ake yi a Kan duk watan Mayu, taron da aka fara tun 1946, kusan haka yake, banda jan kafet da ɗaukar hoto akwai babbar kasuwa a gefe inda masu shirya fim ke neman dillalan da zasu saya su kai ƙasashe. Biki yana kawo miki ango da amarya da kiɗa a rai, baje koli kuwa yana kawo ciniki da gwada na wa yafi kyau, kinga ya kama abin sosai. Haka FESPACO, taron finafinan Afirka na Wagadugu a Burkina Faso, da aka fara a 1969 ake kuma yinta duk bayan shekara biyu. Babbar kyautarsu in za a faɗa da Hausa sai a ce Ingarman Yennenga, sunan wata gimbiya ce a tarihin ƙasar, ingarma kuwa shine ƙosasshen namijin doki, kuma ki sani wanda ya fara cinta a 1972 ɗan ƙasarku ne, mai shirya fim marigayi Oumarou Ganda, har yau akwai wata kyauta a taron da ake bayarwa da sunansa. Abin yana min ciwo yaranmu sun haddace sunayen 'yan wasan Indiya amma basu taɓa jin wannan ba.

Wani kuma yace me yasa ake cewa "mai dogon zango". Zango wurin da fatake ke sauke kaya su kwana ne, tafiya tsakanin wannan masauki da na gaba itama zango ce, to fim ɗin da ake sakinsa kashi kashi duk mako shekara da shekaru ai doguwar tafiya ce. Wanda ya fara faɗar wannan ya iya Hausa wallahi. Camama kuma da ka haɗa da ita a tambayarka, sunan finafinan barkwanci ne masu ƙaramin jari irin waɗanda marigayi Ibro yayi fice a kansu.

Inda nake da ƙorafi shine jarumi. Jarumi a Hausa mai ƙarfin zuciya ne, wanda baya ja da baya a fagen daga, a fim kuma ya dace da wanda labarin ke kansa, wanda yake karawa da bos. Yanzu ko mutum fitowa ɗaya yayi ya miƙa kofin ruwa sai kaji ance jarumi wane. Ɗan wasa ya isa, ba raini a cikinta.

Ta ƙarshe daga Maraɗi, wani yaji ance "bikin Magaji baya hana na Magajiya" da aka saka finafinai biyu rana ɗaya da sallah, ɗaya na soyayya ɗaya na tarihi. Malam, ma'anarta hidimar wani bata dakatar da ta wani, kowa da jama'arsa da makaɗansa. An yi amfani da ita daidai, sai dai a lura ba habaici bace kuma ba ta gasa bace, ana faɗarta ne don a kwantar wa mutum da hankali yaci gaba da shirinsa. In gasa ake nufi, wato wani fim ya zo ya ɗauke hankalin kowa, wadda ta dace ita ce "kallo ya koma sama", cikonta kuma wai shaho ya ɗauki giwa.