Me ya sa strerror_r ke ba ni saƙo wayam a Linux?

Tambaya: Ina rubuta manhaja da harshen C, ina so ta yi aiki a Linux, macOS da Windows. Idan buɗe fayil ya gaza, ina so mai amfani ya ga bayani, ba lamba ba. Na gwada strerror_r, ta yi aiki a Mac, amma a Linux babu abin da ya fito. Ina mafita?

Amsa: Malam, strerror_r, wato aikin da ke mayar da lambar kuskure zuwa saƙon bayani, iri biyu ce, suna ne kawai ya haɗa su. Ta ƙa'idar POSIX, wadda macOS ke amfani da ita, tana zuba saƙon cikin ma'ajin da ka miƙa mata, ta dawo da sifili idan ta yi nasara. Ta GNU kuwa, wadda glibc (laburaren C da yawancin Linux ke amfani da shi) ke ba ka da zarar an kunna _GNU_SOURCE, manuni (pointer) zuwa ga saƙon take dawowa da shi, kuma sau da yawa ko taɓa ma'ajinka ba ta yi. Kai kuma ma'ajin ka buga, shi ya sa ka ga wayam. Ka buga abin da ta dawo da shi, ko ka cire _GNU_SOURCE ka sa _POSIX_C_SOURCE ya zama 200112L.

Kada ka ce bari in koma strerror zalla. Idan manhajarka na gudanar da zare (thread) fiye da ɗaya, ƙa'idar C ba ta lamunce maka cewa wani zaren ba zai goge saƙon ba.

Windows ce ta fi buƙatar lura, domin hanyoyinta biyu ne. Ayyuka irin su fopen suna cika errno, inda C ke ajiye lambar kuskure, sai ka fassara da strerror_s. Amma CreateFile da 'yan uwanta sai ka tambayi GetLastError, ka miƙa lambar ga FormatMessage, tare da FORMAT_MESSAGE_IGNORE_INSERTS. Haɗa su haɗari ne: 5 a errno matsalar karatu ko rubutu ce, a GetLastError kuwa an hana ka izini ne. Ko tsakanin Linux da macOS lambobin na saɓawa, kuskuren EAGAIN (a sake gwadawa) 11 ce a Linux, 35 a macOS.

Shawarata, ka rubuta ƙaramin aiki guda ɗaya, ka tattara duk #ifdef da ke bambance Linux, macOS da Windows a cikinsa. Ka adana errno nan take bayan gazawar, domin ko printf na iya canza ta. Sannan ka riƙa buga lambar tare da saƙon, saboda saƙon na iya fitowa da harshen da aka saita kwamfutar, ranar da wani zai turo maka shi da Faransanci lambar ce za ta cece ka.

In da C++ kake, tun daga C++11 akwai std::generic_category don errno da std::system_category don lambobin Windows.