Dalilin da ya sa ba ma wuce kashi 10

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa ƙa'idar asusunmu ta hana a ajiye fiye da kashi 10 cikin ɗari na dukiyar masu zuba jari a hannun kamfani ɗaya, alhali akwai dandalin kirifto da zai biya mu riba mai tsoka idan muka tara masa kuɗin gaba ɗaya. Da a ce yadda ake buɗe asusu ko karanta jadawalin farashi ka tambaya, da na tura ka wurin ƙananan ma'aikata, domin wanda bai iya waɗannan ba bai cancanci zama a teburin nan ba. Amma wannan tambaya ta fama mini ciwon da har yau bai warke ba.

Ku yaran yanzu idonku yana kan farashi kawai, kuna zaton faɗuwarsa ce babbar masifa a kasuwar kirifto. Bitcoin ya kai kusan dala 69,000 a Nuwamban 2021, bayan shekara guda ya sauko ƙasa da 16,000, kuma duk asusun da bai ci bashi ya saya ba ya ji jiki amma ya rayu. Abin da ke kashe asusu shi ne wanda ka damƙa wa amanar kuɗi ya wayi gari ya rufe ƙofa.

A farkon 2022 ina juya dukiyar wani babban attajiri a ƙarƙashin yarjejeniya mai wannan iyaka. A lokacin tsarin Anchor, wani dandalin ajiya da ba da rance a kasuwar kirifto, yana biyan kusan kashi 20 a shekara ga masu ajiye UST, kuɗin kirifto da aka ƙulla darajarsa da dalar Amurka, sai mutumin ya riƙa kirana dare da rana yana cewa abokansa suna kwasar riba ni kuwa na tsufa, tsoro ya cinye ni. Na ƙi Anchor ƙememe, domin na ga cewa ribar daga wani asusun tallafi take fitowa, wanda kullum raguwa yake yi, kuma har gobe ina alfahari da wannan hukunci. Da ya ga haka sai ya kawo mini wani kamfanin ba da rance, ba ɗaya daga cikin manyan da jaridu suka yayata ba, ya rantse cewa ya san shugabanninsa, ya umarce ni in kai kashi 35 can. Na nemi ya sa hannu a takardar sauya iyaka, ya ce yana kan tafiya, da ya dawo zai sa. Na amince da maganar baki, na tura kuɗin, ban ma kai batun gaban kwamitin lura da haɗari ba saboda ina ganin girmansa.

A watan Mayu Terra, hanyar kirifto da Anchor da UST suke kanta, ta rushe, dukiyar da ta kai kimanin dala biliyan 40 ta salwanta cikin kwanaki. Nan take na nemi cire kuɗinmu, sai aka nuna mini wani sharaɗi na ba da sanarwar kwana 30 wanda na karanta amma ban ɗauke shi da muhimmanci ba, kuma kafin wa'adin ya cika kamfanin ya dakatar da biyan kowa. Daga baya ne ta bayyana cewa sun ranta kuɗinmu ga masu ciniki da bashi ba tare da isasshiyar jingina ba. Asarar ta yi mini zafi, amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da mutumin ya zauna a gabana da lauyansa, ya dube ni ido cikin ido ya ce bai taɓa ba ni wannan umarni ba, lauyan kuma ya ajiye yarjejeniyar a kan tebur da yatsansa a kan kashi 10. Ba ni da takarda, ba ni da shaida. Na sayar da hannun jarina a kamfaninmu na biya diyya, sunan da na daɗe ina ginawa ya zube a yini ɗaya, shi kuwa ya wuce yana gaya wa mutane cewa ni na yi ganganci da dukiyarsa.

Ka dubi manyan cibiyoyi da FTX, babban dandalin cinikin kirifto, ya rufta da kuɗinsu a Nuwamban 2022. Temasek, kamfanin zuba jari na gwamnatin Singafo, ya yi asarar dala miliyan 275 da ya zuba a kamfanin, asusun fanshon malamai na Ontario a Kanada ya rasa miliyan 95, amma babu wanda ya durƙushe, domin abin da kowannensu ya saka bai kai kashi 1 na dukiyarsa ba. Binciken ƙwararrunsu bai gano ruɓar ba, iyakar da suka gindaya wa kansu ce ta tsare su.

Saboda haka gobe da safe ka kawo mini jerin duk kamfanonin da ke riƙe da kuɗinmu, da adadin da ke hannun kowanne, da sharaɗin cirewa kamar yadda yake a rubuce. Ka gwada cire wani ɗan abu daga kowannensu ka rubuta tsawon lokacin da ya ɗauka, sannan ka tabbatar cewa babban kason yana ajiyar da ba ta haɗe da intanet, wadda ba ta buɗuwa sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu. Idan kuma wani mai kuɗi ya kira ka yana neman a tsallake iyaka, ka haɗa shi da ni.